Takardu biyu a kan teburin kwamiti

Shekarar da aka fara sa ni cikin kwamitin tantance masu neman tallafin karatu a ƙaramar kwalejin da nake koyarwa, na ɗauka aikin bai wuce lissafi ba. Tallafin na cancanta ne, na sababbin ɗalibai, kuma ƙa'idarsa a rubuce take: wanda ya fi ƙwazo shi ke samu. A jera sunaye bisa maki, a ja layi inda kuɗi suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji masu iya magana, kuma har gobe na yarda da hakan. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, masu gudun nan ba daga wuri ɗaya suka taso ba.

A zamanmu na ƙarshe a waccan shekarar, gurbi ɗaya ya rage, takardu biyu kuma suna gabanmu. Ta farko ta wani yaro ce, fayil mai kauri, komai tsaf: sakamako mai kyau, wasiƙun shaida uku da aka buga da kwamfuta, da jerin gasannin da ya shiga. Ta biyu ta wata yarinya ce, makinta ya gaza nasa da kaɗan. Wasiƙar shaidarta guda ɗaya ce tak, rabin shafi, da rubutun hannu. Har na ɗauki biro zan ja layi, sai shugaban kwamitin, dattijon da ya daɗe yana wannan aiki, ya ce mini, "Malam, karanta wasiƙar nan tukuna." Malamin lissafinta ne ya rubuta. Ya ce makarantarsu ta yi shekara guda cur babu malamin kimiyyar lissafi da ƙarfi, wato fiziks, ita ce ta ari littafi ta karanta da kanta, sannan take tara 'yan ajinsu bayan an tashi tana koya musu abin da ta gane. Na karanta, jikina ya yi sanyi, amma na ce doka doka ce. Na ba yaron ƙuri'ata, kuma shi ya samu.

Bayan 'yan makonni ya aiko da wasiƙar godiya, ya ce wata babbar jami'a ta ɗauke shi, can zai tafi. Ashe tun farko mu madogara ce kawai a wurinsa, ko da waccan ba ta yiwu ba. Kafin ofis ya kammala mayar da kuɗin a sake ba wani, an rufe rajista. Yarinyar ba ta zo ba, domin ba ta da halin zuwa in babu tallafin. Yaron bai yi laifin komai ba. Mu ne ba mu iya karanta abin da ke gabanmu ba.

Daga nan na fara tambayar abin da ya kamata in tambaya tun ranar farko: me ya sa ƙaramar kwaleji take ba da irin wannan tallafi? Amsar ba sakayya ga ƙwazo ba ce kaɗai. Kujerar da babu kowa a kanta asara ce ga makaranta, ga kuma manyan jami'o'i suna kwashe zaƙaƙuran yara. Don haka sau da yawa abin da ake kira tallafi rangwame ne a kan kuɗin makaranta, don a jawo wanda da wani wuri zai tafi. A Amurka, inda wannan tsari ya yi ƙarfi, jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton ba sa ba masu digirin farko tallafin cancanta, sai dai su duba buƙatar iyali, domin ba su da matsalar jawo ɗalibai. Ƙananan makarantu ne ke fafutuka da shi. Ban ga abin kunya a nan ba, makaranta ma tana son ta rayu. Sai dai wajibi ne kwamiti ya san cewa duk kuɗin da ya ba wanda da ma zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba, an ƙara wa Barno dawaki ne, kuma daga rabon wani aka yanko.

Ba mu jefar da maki ba, kuma ba zan goyi bayan a jefar ba. Abin da muka koya shi ne karanta maki tare da makarantar da ya fito. Muka fara neman matsayin ɗalibi a cikin ajinsu, da darussan da makarantar take koyarwa da waɗanda ba ta da su. Wanda ya zo na ɗaya a inda babu ɗakin gwaje-gwaje ya nuna wani abu da na tsakiyar aji a makarantar gata bai nuna ba, ko da makinsu ya zo ɗaya. Tunanin ba namu ba ne. Kwalejin Bowdoin, ƙaramar makaranta a jihar Maine ta Amurka, tun 1969 ta daina tilasta wa masu neman shiga kawo sakamakon SAT, wato jarrabawar neman shiga jami'a. Jihar Texas kuma a 1997 ta yi dokar ba duk wanda ya fito cikin kashi 10 cikin 100 na saman ajinsu gurbi a jami'o'in jiha, ko wace sakandare ya yi. Waccan doka ta shiga jami'a ce, ba ta tallafi ba, amma hikimar ɗaya ce: a auna mutum da abin da ya yi da ɗan abin da ya samu.

Ganawa ido da ido kuwa ta sha yaudarata. Yaro mai baki, wanda ya saba zama da manya, cikin minti biyar ya gama saye kwamiti. Mai kunya yana sunkuyar da kai, sai mu ce ba shi da kuzari. Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya nuna cewa ƙa'ida mai sauƙi da aka tsaya a kanta takan yi daidai da hasashen ƙwararre, ko ma ta fi shi. Yanzu tambayoyi iri ɗaya muke yi wa kowa, kuma kowannenmu yana rubuta makinsa kafin wani ya buɗe baki.

Akwai kuma waɗanda takardunsu ba sa isowa teburin sam. A da, tallafin yana da fom nasa daban da ranar rufewa daban, wadda ke zuwa da wuri. Wanda ke da wa ko ya da suka taɓa bin hanyar ya sani. Wanda shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan mataki, sai ya ji labari bayan an rufe. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Muka soke fom ɗin, duk wanda aka ɗauka sunansa ya shiga tantancewa kai tsaye. A wasiƙar da muke aikawa kuma muna faɗa ƙarara abin da tallafin ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba, kamar wurin kwana da littattafai, don kada yaro ya iso ya tarar tsugune ba ta ƙare ba.

Darasin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya, kan sharaɗin ci gaba da karɓa. Kusan kowane tallafin cancanta yana da shi: makinka ya sauka ƙasa da kaza, an yanke. Shirin tallafin karatu mai suna HOPE na jihar Jojiya ta Amurka, wanda aka fara a 1993 zamanin gwamna Zell Miller, ya ginu ne a kan matsakaicin maki 3.0 cikin 4, kuma masu bincike sun gano cewa wasu ɗalibai sun riƙa rage yawan darussa ko janyewa daga wasu don kare makinsu. Na karanta wannan ban ɗauke shi da zafi ba, sai ranar da wani ɗan shekarar farko ya shigo ofishina da takardar janyewa daga darasin kimiyyar sinadarai. Hannunsa na rawa. Na ce, "Ai kai ne ka ce mana wannan fanni kake so." Ya ce, "Malam, ina sonsa. Amma in na faɗi gwaji na gaba tallafina ya tafi, in ya tafi kuwa na koma gida." Wato mun zaɓe shi don ba ya gudun abu mai wuya, sannan muka kafa masa sharaɗin da ke koya masa gudu.

Na kai maganar gaban kwamiti. An yi muhawara mai zafi, domin wani abokin aikina, mutum mai gaskiya da nake girmamawa, ya ce muna neman mayar da lambar yabo sadaka, kuma wanda ya yi tanadin kuɗin don ƙwazo ya yi. Hujjarsa tana da nauyi, har yanzu mukan taɓa ta in mun zauna. A ƙarshe aka amince da zango ɗaya na uzuri: wanda makinsa ya sauka ba a yanke masa nan take, ana haɗa shi da malami mai ba shi shawara, a sake dubawa ƙarshen zango na gaba.

Yaron bai miƙa takardar janyewar ba. Ya tsallake darasin da ƙyar, makinsa ya sauka ƙasa da sharaɗi, ya shiga zangon uzuri, ya farfaɗo. Bana yana ajin ƙarshe, kuma shi ke taimaka wa 'yan shekarar farko a ɗakin gwaje-gwaje duk ranar Talata da yamma.