Yaushe Rabon da a Canja Kalmar Sirrin Babban Asusu?

Duk mai kula da rumbun bayanai ya san wannan tambayar, don odita ba ya zuwa ya tafi bai yi ta ba. Babban asusun da ake nufi shi ne wanda ake kira "sa" a manhajar rumbun bayanai ta SQL Server, ko SYS da SYSTEM a ta Oracle. Wanda ya riƙe su ya riƙe komai. Yana iya duba albashin kowa, ya share tebur ɗungurungum, ya kuma bi ya goge sawunsa.

Aikin ya koya mini cewa ba kowace rana da na'ura ta nuna ba ce amsa. A SQL Server akwai modify_date, wato ranar gyara na ƙarshe, a cikin jerin asusu mai suna sys.sql_logins, ga shi kusa da hannu, sai a kwafa a miƙa wa odita. Alhali wannan ranar tana motsawa da kowane gyara da aka yi wa asusun, ko da kulle shi aka yi aka buɗe. Inda ya kamata a tambaya shi ne LOGINPROPERTY, a nemi PasswordLastSetTime. Oracle tana ajiye nata a PTIME cikin SYS.USER$, wanda tun sigar 12c aka ƙara tsaurara leƙa shi, amma a sigar 19c DBA_USERS na da PASSWORD_CHANGE_DATE. MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, na da password_last_changed. PostgreSQL kuwa ba ya ajiye ranar sam. In ba ka tanadi rajista tun farko ba, babu inda za ka tono ta.

Samun ranar ba shi ne wahalar ba, abin da za ka gwada ta da shi ne. Ƙa'idar PCI DSS ta masu hulɗa da katin banki ta saba neman a canja kalmar sirri duk kwana 90, kuma da yawa nan suke tsayawa. Ni abin da ya fi damuna shi ne, mutum nawa suka bar aiki tun daga ranar? A wani wuri da na yi aiki, kalmar sirrin asusun "sa" ta girmi rabin ma'aikatan sashen. Waɗanda suka san ta sun watse, har da ɗan kwangilar da ya kafa sabar, wato na'urar da ke ɗauke da rumbun. Kowa ya san ya kamata a canja, kowa yana tsoro, domin an rubuta ta ƙarara cikin fayil ɗin da ke kwafe bayanai tsakar dare, da cikin wata tsohuwar manhajar biyan kuɗi da ba mai son taɓawa. A canja yau, gobe da safe akanta na bakin ƙofa. Wannan tsoron ba wauta ba ne, amma shi ke barin mabuɗi a aljihun wanda ya riga ya tafi. Sai da muka ba kowace manhaja asusunta mai iyakantaccen iko, sannan canjin ya yiwu.

Kuma ranar ba ta faɗin wanda ya canja. Wannan sai an kunna bin diddigi kafin abin ya faru: LOGIN_CHANGE_PASSWORD_GROUP a SQL Server Audit, ko sa ido kan ALTER USER a Oracle. Rajistar ma a tura ta wata na'ura daban, tunda mai babban asusu na iya share ta gida.

Yanzu duk mako ina kwashe ranakun zuwa wani tebur a waje, in ɗora su kan jerin waɗanda suka ajiye aiki daga ofishin ma'aikata. In ranar tafiyar wani ta zo bayan ranar canji, a ranar nake neman izinin canjawa.