Wadda ta fi kowa sanin ciwonta ba ta da ikon rubuta mata magani

Jiya na raka ƙanwata wajen masaniyar halayyar ɗan Adam da take gani duk mako. Tun da ciwon damuwa ya kama ta, wannan baiwar Allah ce ta san yadda take kwana ido biyu, ta lura da ranar da ta daina ko taje kanta. Amma a baya da aka zo batun magani sai ta ce ba huruminta ba ne, sai likitan ƙwaƙwalwa. Wata uku muka yi muna jiran layi. Da ranar ta zo, ina kallon ƙanwata tana murza yatsunta, tana sake ba baƙo labarin daga farko, muryarta na rawa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A Amurka an daɗe da taɓa wannan batu. Jihar New Mexico ta ba masana halayyar ɗan Adam izinin rubuta magani a 2002, Louisiana ta biyo baya a 2004, da sharaɗin sai sun ƙara karatu mai zurfi a kan magunguna sun ci jarrabawa.

Na san maganin ƙwaƙwalwa ba abin wasa ba ne. Mai shan lithium sai ana auna jininsa ana duba ƙodarsa, wani maganin kuma ba ya jituwa da na hawan jini. Likitocin da ke adawa suna da hujja. To a horar da masana halayyar ɗan Adam sosai, su riƙa tuntuɓar likita, amma a ba su dama. Wata ukun nan ni na ga yadda ƙanwata ta rame a cikinsu.