Tantancewar da ta sa na daina yarda da alkawarin baki

Koyarwa kam ba ta taɓa ba ni wahala irin wadda aikin ƙungiya ya ba ni ba. Da Giredi 2 na fara a firamaren ƙauye, daga baya na yi NCE ta NTI, wato cibiyar horar da malamai ta ƙasa, ina karatu ƙarshen mako ina koyarwa, aji cike da yara har bakin ƙofa amma mun saba. A NUT, ƙungiyar malamai ta ƙasa, kuma wakilin makaranta na fara, lokacin yajin aikin 2008 kan ƙarin kashi 27.5 a albashin malamai ina cikin masu zagaya makarantu a babur muna duba ko an rufe, daga nan aka ba ni sakataren reshen ƙaramar hukumarmu. Duk wannan ya wuce lafiya.

Inda abin ya ci mu shi ne wajen tantancewa. An ce za a fitar da ma'aikatan bogi daga cikin masu karɓar albashi, mu ma muka goyi baya don wallahi akwai su, sunaye ne da ba wanda ya taɓa ganin masu su a aji. To amma da aka gama sai ga malamai na gaskiya alat bai shigo musu ba, mutanen da ni da kaina na san ajinsu na san ɗalibansu. Wani ranar haihuwarsa ta fayil ta saɓa da ta BVN, wani a takardar ɗaukar aiki an rubuta Muhammadu a banki kuma Mohammed, wata malama kuma gara ce ta cinye takardarta ta farko tun da daɗewa kuma ba ta taɓa tunanin za a nema ba. Muka shiga yajin aiki, iyaye ma suka tsaya mana, aka kira mu zama. Babban jami'in da ya jagoranci zaman ya karɓe mu hannu biyu, ya ce kwamared ku koma aji, duk wanda aka cire bisa kuskure za a mayar da shi a albashin wata mai zuwa har da ariyas ɗinsa. Aka yi addu'a aka ɗauki hoto muka tashi, mu ga farin ciki.

Babu takarda. Babu jerin sunaye da aka sa wa hannu, ko rubutaccen bayanin zaman ba a yi ba balle kwanan wata. Kuma jerin yana cikin jakata a lokacin, na buga shi tsaf makaranta makaranta, kawai dai yadda mutumin ya yi magana da girmamawa sai kowa ya ji nauyin ya ce ranka ya daɗe a sa hannu. Ba a daɗe ba aka yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce shi fa bai tarar da komai a fayil ba, kuma gaskiyarsa ce. Yajin aiki kuwa in ka janye shi ba ya komawa da sauƙi, waɗanda albashinsu ke shigowa sun koma aji hankalinsu ya kwanta, ba za ka sake fito da su saboda wasu tsiraru ba. Watanni mutane suka yi ba ko sisi, akwai wanda ya sayar da babur ɗinsa, akwai dattijon da ya riƙa zuwa gidana bayan sallar asuba ba ya cewa komai sai gaisuwa kawai ya tafi, ni wannan gaisuwar ta fi min zagi ciwo.

Daga baya ɗaya bayan ɗaya muka riƙa bin fayil ɗinsu, takardar rantsuwa daga kotu, wasiƙar hedimasta, tsohon rajistan sa hannu na makaranta, shi rajistan nan ma ya ceci mutane fiye da duk surutun da muka yi a rediyo. Yawancinsu an mayar da su, ariyas kuwa wasu har yau shiru.

Shi ya sa duk matashin da ya zo min yana son shiga harkar ƙungiya ba na yi masa zancen iya magana a taro. Kar ka janye yajin aiki sai da takarda mai sa hannu, sunaye a jiki, da ranar da za a biya, ko da wanda ke gabanka surukinka ne. Ko dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 a aiki, da take rubutacciya Buhari ya sa mata hannu, sai da aka yi ta bin jihohi kafin su fara aiki da ita, ina ga maganar fatar baki. Kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye nake jin cewa in albashin firamare ya sauya hannu to wata tantancewar na tafe, don haka a makarantarmu na sa kowa ya ɗauki hoton takardar ɗaukar aikinsa, ta tabbatar da shi a aiki, ta ƙarin girma da ta hukumar rajistar malamai wato TRCN a waya, ya kuma je ya daidaita sunansa da na banki tun kafin a kira shi.