Wasiƙa mai layi huɗu da ta kusa cinye mini shago

Harkar yadi nake yi a Kantin Kwari, shadda da atamfa da yadin yunifom. Sunan kasuwanci kawai na yi wa rajista, ban buɗe kamfani ba, don haka harajina jiha ce ke karɓa, kuma duk shekara ina biya, takardun shaida suna nan a fayil. A farkon 2023 hukumar haraji ta jiha ta aiko mini da takardar ƙarin haraji, wai an bi asusuna na banki daga 2015 zuwa 2021 an ga abin da ya shiga ya ninka abin da nake bayyanawa. An tara duk kuɗin da ya taɓa ratsa asusun, an ɗauke shi a matsayin ciniki, an yanka riba a kai, an ɗora tara da kuɗin ruwa. Jimlar ta fi ƙarfin duk dilolin da ke sitona.

Duk ɗan Kwari ya san ba duk abin da ya shiga asusunka ne naka ba. Akwai zubin adashi. Akwai ƙanen matarka da ya turo ka biya masa kuɗin makarantar 'ya'ya. Akwai kuɗin amana, irin na wani abokin hulɗata na Maraɗi da kan turo mini miliyoyi in haɗa masa kaya a layuka daban-daban in ɗora a mota, nawa a ciki ɗan la'ada ne kawai. Ma'aikacin da ke kallon takardar banki ba zai san wannan ba sai an gaya masa, kuma a rubuce. A nan ne aka kwana.

Doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa. Na miƙa aikin ga wani mutum da ke zagaya kasuwa da jaka yana yi wa 'yan kasuwa lambar haraji da takardar shaidar biya, kowa na ce masa ƙwararre. Ya rubuta wasiƙa layi huɗu: kuɗin ya yi yawa, kasuwa ba ta tafiya, dala ta tashi, a tausaya. Babu shekara, babu lissafi, babu takarda ko ɗaya a maƙale. Ya ce mini, "Alhaji, kada ka buɗe musu cikinka tun yanzu, sai an je gaba za mu fito da makamai." Maganar ta yi daɗi a kunne. Amsa ta dawo cewa ba za a sauya komai ba, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba, ba a ba su abin da za su duba ba. Daga nan wasu kwana 30 suka fara ƙirguwa na kai ƙara kotun sauraron ƙararrakin haraji, wadda ta shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Mutumin nan ya ɗauki layukansa huɗu, ya ƙara musu turanci, ya zuba a takardar ƙara a matsayin dalilanmu.

Sai da kotu ta sa ranar zama surukina ya matsa mini na ga lauya. Barista ya karanta fayil ɗin bai ce uffan ba, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ina maganar shekara shida?" Ban san da ita ba. Ashe a Dokar Harajin Kuɗin Shiga na Mutum Ɗaya da ke aiki a lokacin, hukuma ba ta da ikon komawa baya fiye da shekara shida ta ƙara maka haraji, sai in ta nuna ka yi zamba, ko ka ƙi biya da gangan, ko ka yi sakaci. Ke nan a 2023, shekarun 2015 da 2016 sun riga sun kuɓuce. Na miƙe tsaye don murna, na ce to ai mun gama da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya ce in zauna. Dalilin da ba ka rubuta a takardar ƙara ba, ba ka da bakin tayar da shi a gaban kotun sai ta ba ka izini. Haka ma takardu: ƙa'idojin kotun na 2021 sun ce ka shigar da ƙara tare da sunayen shaidunka, da bayaninsu a kan rantsuwa, da kwafin duk takardar da za ka dogara da ita. Ƙwararrena bai sa kowa ba sai ni, bai haɗa komai ba sai takardar ƙarin harajin kanta. Kuma nauyin tabbatar da cewa an ƙiyasta maka fiye da ƙima a wuyanka yake, ba a wuyan hukuma ba. Makaman da ya ce za mu fito da su a gaba, ashe ƙofar shigar da su a baya take.

Dole muka shigar da roƙo na musamman, da rantsuwa a kai, muna neman a bar mu mu gyara takardar ƙara mu ƙara dalilai, mu kawo sabbin takardu, mu ƙara shaida. Lauyan ɗaya ɓangaren ya tashi ya ce bai yarda ba, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce: duk waɗannan abubuwa suna hannun mai ƙara tun ranar farko, me ya hana shi nuna su lokacin ƙin amincewa? Ina zaune a baya gumi na bin gadon bayana, don amsar gaskiya ita ce wasiƙar nan mai layi huɗu.

Abin da na lura shi ne abubuwa ukun da muka roƙa ba nauyinsu ɗaya ba. Maganar shekara shida ta wuce cikin sauƙi, domin ba ta buƙatar wani sabon bayani, shekarun suna rubuce a takardarsu da hannunsu, magana ce ta doka zalla. An ba su lokaci su amsa, suka ce ai na ɓoye ciniki da gangan, Barista ya nuna na bayyana kuma na biya a shekarun nan biyu, sai a kawo shaidar zambar.

Takardu kuwa sai da muka yi bayanin kowace guda, me ya sa ba ta zo da wuri ba. A nan ruwan da ya shiga Kwari a daminar 2022 ya zame mini hujja, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba. Littattafan shago da rasitai da takardun lodin mota duk suna cikin buhu a ƙasan sito lokacin. Babban littafin da yarona ke rubuta shige da fice ya kumbura, shafukan sun manne, da reza muka riƙa raba su ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, inda aka yi rubutu da biro ya tsira, inda aka yi da alƙalamin maka ya zama shuɗin tabo. Mun ɗauki hotonsa a yadda yake, muka kai shi kansa littafin. Shugaban zaman ya juya shi a hannu, ya tambaye ni, "Alhaji, wa ke rubuta wannan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yarona ne, yana waje." Aka yarda a ƙara shi cikin shaidu.

Bayanan asusu na banki ma ba a ɗaukar wanda ka buga daga waya. Barista ya sa na koma banki aka buga aka sa hatimi, aka haɗa da takardar tabbatarwa da sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ke nema ga duk abin da ya fito daga kwamfuta. Sai kuma abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci: makarantu da kamfanonin da nake kai wa yadin yunifom a kan kwangila sun sha cire mini kashi 5 cikin ɗari tun kafin su biya ni, harajina ne da aka riga aka karɓa, ya kamata a rage shi daga abin da ake bi na. Ƙwararrena bai ko tambaye ni ba. Na bi su ɗaya-ɗaya ina neman rasitan. Wata makarantar ta sauya akanta, wata ta cire kuɗin amma babu alamar ta kai, waɗannan sun tafi ke nan.

Inda na sha kashi shi ne kuɗin amanar Maraɗi, kuma shi ne mafi tsoka. Littafi ya nuna sunan mutumin, banki ya nuna kuɗi ya shiga ya fita, amma ana son shi da kansa ya yi rantsuwa a yi masa tambayoyi. Da an sa shi tun farko, da bayaninsa na cikin fayil tun watanni kafin sojoji su kifar da gwamnati a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023 a rufe boda. Lokacin da muka neme shi, hanya ta toshe, shi kuma ya ji kalmar kotu da haraji ya fara kashe waya. Ban zarge shi ba. Na ce wa Barista mu bari a yanke hukunci, in boda ta buɗe mu ɗaukaka zuwa Babbar Kotun Tarayya a nan Kano, mu kai shi can. Ya yi dariya ya ce can maganar doka kawai ake kaiwa, ba a sake buɗe littafin shago. Kuma kotun gaba ba ta karɓar sabuwar shaida sai ka nuna duk ƙoƙarinka ba za ka iya samunta a baya ba, kuma za ta sauya sakamako, kuma abin gaskatawa ce. "Mutumin da ka san gidansa shekara da shekaru, Alhaji, ta yaya za ka rantse ba ka same shi ba?"

Sulhu muka yi a ƙarshe, aka rubuta, kotun ta amince da shi a matsayin hukunci. An cire shekaru biyun, an cire adashi da abin da rasitai suka tabbatar, an rage tara. Kaso mai yawa na kuɗin Maraɗi ya zauna a matsayin nawa, na biya haraji a kan dukiyar wani, a matakin sama na kashi 24 cikin ɗari.

Wannan duk a ƙarƙashin tsohuwar doka ne. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun fara aiki a Janairun 2026, don haka wanda takarda ta zo masa yanzu ya tambayi lauya wa'adi da ƙa'idar da ke kansa, a makon da ta zo, ba ranar da aka sa zama ba. Ya zuba duk dalilin da yake da shi a wasiƙar farko, shekara-shekara, ko da yana ganin wani ƙarami ne, ya maƙala kwafi, ya sa a buga masa hatimin karɓa a nasa. Ni dai na buɗe wa kuɗin amana asusu daban, kuma duk wanda zai turo sai ya aiko da saƙon abin da kuɗin yake, ko ɗan'uwana ne.

Ƙwararren kuwa yana nan yana zagaya layuka da jakarsa. Bayan sulhun da mako ya leƙo shago, ya taya ni murna, ya ce ai shi ya buɗe mana hanya, yana neman cikon kuɗin aikinsa.