Turi da Tono: Yadda Nake Farautar Waƙoƙin Ɓoye a Katsina

Shagona yana kusa da Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina, kuma wanda ya leƙo daga waje ba zai ga bambancinsa da sauran shagunan turi ba, domin teburi ne da laftof biyu, da allon cajin waya, da lasifika a bakin ƙofa, sai yaro guda da yake taimaka mini. Abin da yake ciyar da gidana shi ne abin da yake ciyar da kowane ɗan turi, wato finafinan Hausa, da fassarar finafinan Indiya, da karatun malamai, da waƙoƙin siyasa idan kakar zaɓe ta kama. Sai dai a bayan labule akwai wata kanta da na jera kaset-kaset da fayafayan garmaho a kanta, kuma saboda ita ne maƙwabtana na layi suke tsokanata da sunan mai waƙoƙin aljanu.

Asalin wannan kantar wani direba ne da yake jigila tsakanin Katsina da Maraɗi ta hanyar Jibiya. Ya kawo mini memorinsa da ya fara cijewa, ya ce, "Maigida, a kwashe mini abin da yake ciki a zuba a sabo, kada in rasa abokan hira." Ina cikin kwashewa sai na tarar da waƙoƙi wajen ashirin waɗanda babu sunan mawaƙi a jikinsu, sai dai lambobin da waya take saka wa abin da aka turo ta Bluetooth. Na danna guda domin in tabbatar ba ta lalace ba, sai na ji jita mai lantarki tana maimaita jimla ɗaya, ga tafi, ga guɗar mata, ga ƙarar janareta a can baya, kuma duk da maimaicin, sautin yana ta nannaɗewa yana hawa har na manta da mutumin da yake tsaye a gabana. Da na tambaye shi, sai ya ce kiɗan Buzaye ne da ake yi a gidajen biki a Agadas, kuma shi kansa bai san wanda ya yi ba.

Neman sunan wannan makaɗi ne ya jefa ni cikin intanet, inda na gano cewa Turawa sun daɗe da laƙaba wa irin wannan sauti suna. Suna kiransa saikadelik, kalmar da wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila ya ƙirƙiro a 1956 domin kwatanta ƙwayoyin da suke jirkita tunani, kafin matasan Amurka da Ingila su ɗora ta a kan kiɗansu a shekarun 1960. Ba na ɓoye wa kowa wannan tarihin, domin shi ne dalilin da ya sa wasu suke ɗauka kiɗan 'yan ƙwaya ne. Amma ta fuskar sana'a, abin da ake nufi shi ne dogon maimaici, da amsa-kuwwa, da wasu 'yan na'urori da makaɗi yake takawa da ƙafa. Ɗaya takan sa jita ta yi kaushi kamar ƙudan zuma a cikin amya, ɗayar kuma takan sa ta lanƙwasa murya kamar yadda kalangu yake yi idan an matse igiyoyinsa a hammata. Bahaushen da ya taɓa zama gaban mai garaya ko mai goge har dare ya raba ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan yadda maimaici yake ɗauke hankali. Wata kalmar da na ci karo da ita a can ita ce indi, wanda shi ba salon kiɗa ba ne tun farko, suna ne na mawaƙan da ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni irin su Universal da Sony da Warner, waɗanda suke fitar da aikinsu da kansu ko ta hannun ƙaramin kamfani.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne labarin Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan Nijar da yanzu yake zagaya Amurka da Turai. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar nan na kwamfuta da aka sani a waƙoƙin finafinanmu, kuma waƙoƙin ba su bi ta wani kamfani ba, sai dai suka riƙa tsallakawa daga waya zuwa waya. Wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfani da ake kira Sahel Sounds ne ya tsince su a cikin wayoyin mutane, ya sa ɗaya a cikin tarin da ya fitar a 2011, sannan ya bi sawu har ya gano mai waƙar. Wato aikin da muke yi kullum muna karɓar ɗan canji, shi ne wani ya taso daga wata uwa duniya ya yi da natsuwa, kuma bambancinsa da mu bai wuce cewa shi ya tsaya ya tambayi sunan mai abin ba. Tun daga lokacin na sayi babban littafin rajista, na ja layuka, kuma duk abin da ya shigo kantar bayan labule sai na ba shi lamba, na rubuta wanda ya kawo shi, da garin da ya samo shi, da harshen da aka yi waƙar, da sunan mawaƙi idan an sani.

Fayafayan garmaho kuwa daga hannun wani dattijo mai gyaran rediyo na same su, wanda ya yi zaman Sabon Garin Kano a ƙuruciyarsa. Na je neman robar injin kaset, sai na hango su jibge a ƙarƙashin benci, ƙura ta rufe su. Na ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce, "Ɗana, ai saura ne, wani ya zo daga kudu shekarun baya ya kwashe masu kyawun a buhu, kuɗin da ya ba ni bai kai na cefanen mako ba." A cikin wannan sauran na fara sanin cewa Najeriya ta yi nata zamanin na saikadelik bayan an gama yaƙin basasa a 1970, lokacin da samari a Legas da garuruwan gabas irin su Aba suka rungumi jita. Akwai Ofege, 'yan makarantar sakandare ta St. Gregory's a Legas da suka fitar da faifansu na farko a kamfanin EMI a 1973, akwai BLO, akwai Funkees. Kamfanin Soundway na Ingila ya sake tattara irin waɗannan waƙoƙi ya fitar a 2008 da 2010, kuma hakan ya ƙara wa fayafayan asali daraja a wurin masu tara su, daraja irin wadda Baba bai taɓa jin labarinta ba sai daga bakina.

Gyaran faifai aiki ne na haƙuri. Ƙurar hunturu takan shige cikin siraran layukan da allura take bi, saboda haka nakan ɗiga sabulun ruwa kaɗan a cikin ruwa mai tsabta, in jiƙa ƙyalle mai laushi, in riƙa sharewa ina bin zagayen layin, ba na ratsa shi, kuma ba na barin ruwa ya taɓa takardar tsakiya, domin a nan ne sunan mawaƙi da kamfani da shekara suke. Daga nan sai in jingine shi a tsaye a inuwa har ya bushe. Wannan darasi na tsayuwa da inuwa da tsada na saye shi, domin a wata bazara na bar guda bakwai kwance a saman kanta dab da kwanon rufi, da na sauko da su sai na tarar sun lanƙwashe kamar gurasa, allura tana hawa tana gangarowa. Kaset ya fi sauƙi amma ya fi yaudara. Idan zaren ya manne sai a zura bairo a juya shi a hankali daga farko zuwa ƙarshe, idan ɗan soson da yake ƙarƙashin zaren ya faɗi sai a manna wani, kuma idan robar injin ta saki, muryar mawaƙi takan riƙa rawa, har mutum ya zaci salon waƙar ne. Sai an gama duk wannan nake haɗa waya zuwa kwamfuta in naɗa da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, in yanka waƙa-waƙa, in rubuta wa kowace sunanta.

Turi kwafi ne, kuma ba zan wanke kaina daga wannan ba. Abin da na iya yi shi ne na raba kantar gida biyu. Abin da na saya a shafin intanet na Bandcamp, inda mawaƙan indi suke sayar da aikinsu kai tsaye, ba na tura wa kowa shi, sai dai a saurara a shago, wanda ya yaba kuma in nuna masa inda zai saya. Nakan jira ranakun Juma'ar da shafin yake yafe kasonsa ga mawaƙa, al'adar da ya fara a watan Maris na 2020, ko da yake akwai lokacin da bankuna suka hana katin naira sayayya a waje, sai da na riƙa roƙon wani ɗan'uwa da yake karatu a Malesiya ya biya mini. Ƙananan makaɗan Nijar da namu na gida da nake samun lambarsu kuwa, nakan nemi izininsu ta WhatsApp, kuma yawancinsu sharaɗi ɗaya suke gindaya mini, wato kada sunansu da lambarsu su fita daga jikin waƙar, domin ta nan ake gayyatarsu biki.

Masu zuwa bayan labule ba su da yawa. Akwai ɗalibai daga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da samarin situdiyo masu neman sabon sautin da za su ɗora waƙa a kai, da wasu dattawa biyu da suke zuwa bayan La'asar. Ɗayansu ne ya sa na daina ɗaukar kaina masani. Na kunna masa kiɗan Mamman Sani, wanda ya naɗa da ogan mai lantarki a Yamai a 1978 aka kuma sake fitarwa a 2013, ina shirin yi masa bayani, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ai wannan shi ne abin da rediyon Nijar yake sakawa tsakanin shiri da shiri, da shi muka yi samartaka."

Hanyar samun kaya ba ta tabbata. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya rage direbobin da suke kawo mini memori, katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021 ya yanke ni da mutanena na Jibiya, sannan juyin mulkin Nijar na 2023 ya sake toshe hanya na tsawon watanni. A irin waɗannan lokuta nakan koma kan tsofaffin kaset ɗin da ban gama tantancewa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne mai lamba 214 a rajista. Takardarsa ta goge, a ciki kuma wani mutum ne yake rera waƙa da Hausa mai karin Damagaram, ga ogan, ga jita mai amsa-kuwwa, kusan minti tara kowace waƙa. Direbobi uku sun saurara, kowannensu ya ba ni suna daban, shi ya sa har yanzu layin sunan yake fili. An kwatanta mini wani tsohon mai sayar da kaset da yake cin kasuwar Mai'aduwa, kuma na riga na yanko minti guda na zuba a wayar yarona, wanda zai bi motar Daura ranar kasuwa mai zuwa ya kunna masa.