Hadda ta ci min jarabawa, ta bar ni a gaban mara lafiya

Jiya da daddare a Unguwar Rogo na tarar da ɗan ƙanwata ya duƙunƙune a bargo saboda sanyin nan na Jos, yana ta jero sunayen shimfiɗu goma na retina, wato tantanin bayan ido, wai gobe tes. Na ce to wace ƙwayar jijiya ce ke fara fitowa a ciki, ya ce "Kawu, ai wannan ba ya cikin handawut." Wallahi raina ya ɓaci, don ni ma haka na yi.

Na haddace, na ci jarabawa, ban taɓa tambayar daga ina ƙwayoyin nan suka fito ba. Ko da yake ba laifinmu kaɗai ba ne, littafi ɗaya ake layi a kansa, ga ba wuta, ga kos sun yi yawa, amma dai lalaci ma akwai. Sai da na fara aiki a sashen ido wani dattijo mai hawan jinin ido ya riƙe hannuna ya ce "Yaro, maƙwabcina an cire masa yanar ido ya gani, ni me ya hana?" na tsaya ina inda-inda. Har yau abin na cina.

Ashe retina daga ƙwaƙwalwa take tsirowa, tun ciki yana wajen mako huɗu. Ƙwayoyin jijiyarta iri shida da Müller mai tallafa musu duk uwayensu, wato ƙwayoyin da ke haifar su, iri ɗaya ne, a 1987 masu bincike Turner da Cepko suka nuna a idon ɓera cewa uwa guda na haifar iri daban-daban. Kuma bi da bi suke zuwa, gangiliyon, mai kai saƙon gani zuwa ƙwaƙwalwa, shi ne ɗan fari, sai horizantal da kon da amakirin, rod da baifola na baya, Müller auta, kusan haka yake daga kifi har mutum. In an gama gina idon mutum uwayen nan sun ƙare, shi ya sa gangiliyon ɗin da ciwon dattijon ya kashe ba mai maye gurbinsa. Kifin zebra Müller ɗinsa na sake haifar sababbi, namu ba ya yi.

Ku kuwa yaran yanzu waya na hannunku, data sai TikTok, haba! Ku ajiye hadda ku nemi dalili. A'a, ku haddace ɗin ma, ranar jarabawa ba ruwan lakcara da fahimtarka, amma kowane suna ka san yaushe yake fitowa kuma wa ya riga shi. Wanda hawan jinin ido ke danginsu kuma ya kai iyayensa a auna musu ido tun suna gani.