Yadda muka kai Jatau mai magani gaban allo

A zango na biyu na aji biyu na babbar sakandare, malamin adabin Hausa ya raba mu rukuni-rukuni, mutum bakwai-bakwai. Ya ce kowane rukuni ya ɗauki wasan tashe guda, ya faɗaɗa shi zuwa fitowa uku, ya nuna a gaban aji cikin mako biyu. Wasu suka ɗauki Tsoho da gemu, 'yan mata suka ɗauki Ga Mairama ga Daudu. Mu muka ce Jatau mai magani.

Ni aka ba rubutu. Na kwana biyu ina tsara zance, na kawo shafi huɗu. Da muka taru a gindin darbejiya bayan tashi daga makaranta muka gwada, sai wasan ya ƙi tashi. Jatau yana magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

Akwai wani yaro a cikinmu da ba ya yawan magana a aji, mun ma sa shi cikin 'yan amshi ne don cike gurbi. Shi ne ya ce, "Ɗan'uwa, mai magani ba ya jera magana haka. Ciwon yake fara kira, sai mutane sun tsaya sannan ya kwance ƙunshi." Ashe kakansa saiwoyi yake sayarwa, kuma duk Asabar shi ke riƙe masa jaka.

Ranar Asabar ya kai mu Kasuwar Kurmi. Muka tsaya kusa da wani dattijo da ya shimfiɗa buhu, ga sassaƙen maɗaci, ga ganyen sabara, ga saiwar marke an ɗaure da tsumma. Na lura in ya ambaci shawara ko basir sai ya ja numfashi, ya dubi idon mutum ɗaya, ya jira. Wannan jiran babu shi a takardata ko kaɗan. Da na koma gida na soke fiye da rabin abin da na rubuta, na bar wa 'yan amshi sarari.

Muka sauya matsayi, yaron nan ya zama Jatau. An sha gardama kafin a yarda, don wanda aka fara ba wa ya ji zafi, sai da muka ƙirƙiro masa matsayin mai ciwon da ke taya ciniki.

Ran nunawa, Jatau ya shigo da tsohuwar riga da layu na kwali, ya kira ciwon farko, ya yi shiru. Aji duka ya amsa tun kafin 'yan amshinmu su buɗe baki. Da muka gama Malam ya tambayi jigon wasan. Na ce gargaɗi ne kan mai maganin da ba ya taɓa cewa bai san ciwo ba. Malam ya ce, "A wace fitowa ka gani?" Na ce a ta biyu, inda ya ba mutum uku ƙunshi iri ɗaya.